Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Yi wa Kaska Alama a Sake Kamo Ta

Wasiƙun wannan karo sun fi yawa a kan kaska, musamman aikin nan na kama ta, a ɗiga mata alama, a sake ta, sannan a dawo a ga nawa za su sake shiga hannu. Likitocin dabbobi da masana ƙwari da ke kula da wannan fili ne suka ba da amsoshin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a fannin likitancin dabbobi a Zariya. An ba ni aikin ƙiyasta yawan kaskar da ke cikin wani shingen kiwo, an ce in yi mata alama in sake ta. Da me ake yin alamar, kuma a ina a jikinta?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki sayi fenti, fara sanin wace kaska ce a gabanki, don ba kowacce wannan dabara ke yi wa aiki ba. In babbar nan ce mai zane a baya da ƙafafu masu ratsi, wadda makiyaya ke ce wa koti, masana kuma Amblyomma variegatum, to kin dace. Tana da girma, bayanta na da tauri, kuma balagaggunta a ƙasa suke zama suna jiran shanu, musamman a farkon damina. Haka dangin Hyalomma masu dogayen ƙafafu da saurin gudu. Amma in shuɗiyar kaskar shanu ce, dangin Boophilus, wadda ke hawa saniya tun tana mitsitsiya ba ta sauka sai ta ƙoshi za ta yi ƙwai, babu balagaggiya mai yunwa a ciyawa da za ki kama. Ita a jikin dabba ake ƙirga ta: matan da tsawonsu ya kai milimita 4.5 zuwa 8, a gefe ɗaya na saniya, a ninka biyu.

Wurin alama ɗaya ne, garkuwar baya, wato ɓawon nan mai tauri da ke bayan kai. A namiji garkuwar ta rufe bayan duka, kina da fili. A tamata kuwa iyakarta gaba, sauran jikin fata ce mai miƙewa, in ta sha jini ta kumbura sai fentin ya tsage ya zube. Wurare uku kada fenti ya kusance su. Baki, don da shi take kama dabba. Ƙafafun gaba guda biyu, don a ƙarshensu akwai wata 'yar gaɓa da ake kira gaɓar Haller, wadda ita ce hancin kaska, da ita take jin numfashin dabba da warinta. Sai ƙofofin numfashi guda biyu da ke gefen jiki, daf da bayan ƙafafun baya. Kaskar da aka toshe wa hanci ba ta mutuwa nan take, kuma a nan illar take. Tana nan da ranta amma ba za ta ƙara zuwa tarko ba, ke kuma ki ɗauka ta ɓace ne cikin ɗimbin 'yan'uwanta, lissafi ya ba ki adadin da ya zarce gaskiya.

Abin ɗigawa, jan farce ya fi sauƙin samu kuma yana jure ruwa. Akwai kuma fentin mai na ƙananan gwangwanaye mai saurin bushewa, da alƙalamin fenti irin wanda masu kiwon zuma ke ɗiga wa sarauniya. Illar jan farce sinadarin da ke cikinsa mai kaifin wari. Kada ki taɓa kaska da burushin kwalbar, ya yi girma. Ɗiga kaɗan a kan leda, ki ba shi daƙiƙa 20 zuwa 30 ya ɗan yi kauri warin ya ragu, sannan ki ɗebo da bakin allura ko tsinken sakace da kika fiƙe. Ɗigon kada ya wuce milimita ɗaya. A kan koti ki guji ruwan goro da ruwan ɗorawa, sun yi kama da zanenta na asali. Ja kuma yana sajewa da jar ƙasa. Fari da shuɗi sun fi fita.

Kaska ba ta tsayawa a yi mata kwalliya. Sa ta a ƙaramar kwalba, ki ɗora kwalbar a kan ƙanƙara cikin kula minti biyu zuwa uku, sai ta yi sanyi ta daina motsi. Kada jikinta ya taɓa ƙanƙarar, kada kuma ki sa ta a firiza. Da kin fito da ita za ki ga danshi ya kwanta a bayanta kamar raɓa. In kika ɗiga fenti a kan danshin nan zai ɓare cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka ki goge da 'yar takarda mai tsotse ruwa tukuna. Wasu ba sa sanyayawa, sai su kifa ta a kan salatif na takarda da aka ɗan liƙa a riga sau biyu don danƙonsa ya ragu. Kowacce kika zaɓa, ki riƙe ta a gangar jiki da hantsaki mai laushin baki, ba a ƙafa ba. Bayan ɗigo, kowace kaska ta zauna ita kaɗai minti biyar zuwa goma. In kika zuba su wuri ɗaya za su hau juna, fenti ya shafi ƙafafu da baki.

In yawan kawai kike nema, launi ɗaya ga kowace ranar saki ya isa. In kina son sanin kowace kaska da kanta, bayan namiji yana ɗaukar ɗigo uku: gaba, hagu, dama. Da launi biyar a wurare uku kina da lamba 125. Ko da launi ɗaya ne, ki yi ɗigo biyu. Duk wadda ta dawo da ɗigo ɗaya tana gaya miki cewa fenti na zubewa, kuma daga yawan irinsu za ki san wasu sun zubar da duka biyun.

Abin da ɗalibai suka fi tsallakewa, kuma shi ne ƙashin bayan aikin, gwajin alamar kanta ne kafin a fita daji. Ware kaska 90 ki raba uku. Talatin a sanyaya su a yi musu fenti, talatin a sanyaya su ba fenti, talatin kada a yi musu komai. Ki ajiye su a kwalabe masu murfin yadi cikin rufaffen mazubi mai danshi. Gishirin girki da aka jiƙa da ruwa har ya kasa narkewa yana riƙe danshin mazubi a kashi 75 cikin 100, gishirin fotashiyam kulorayid kuma a wajen kashi 85. Kullum ki ƙirga matattu, ki duba ɗigo, sannan ki hura musu numfashi ki ga nawa suka ɗaga ƙafafun gaba suka taso cikin minti ɗaya. Ki yi haka tsawon kwanakin da aikinki zai ɗauka a daji. In masu fenti sun fi mutuwa ko sun fi nawa, sauya fenti. In rukuni na biyu ma sun yi nawa, to sanyin ne ya yi yawa.

TAMBAYA: Malamai, ƙananan fa? Na gwada ɗiga wa 'yan mataki na biyu fenti, sai ya rufe su ruf. Daga wani mai aikin ɗakin gwaji a Jos.

AMSA: Malam, 'yan mataki na biyu masu ƙafa takwas da ba su balaga ba, da 'yan ƙyanƙyasa masu ƙafa shida, hoda mai ƙyalli ake sa musu, irin wadda ke haskawa in an haska ta da tocilan ɗin duba jabun kuɗi. Ɗebo da bakin tsinke, ka zuba a busasshiyar kwalba, ka girgiza har ta shafi bangon, ka zubar da ragowar. Sannan ka saka kaskar ka mirgina kwalbar a hankali na 'yan daƙiƙoƙi. In kana ganin launin da ido tsirara daga nesa, hodar ta yi yawa: tana toshe ƙofofin numfashi, tana kuma iya jawo bushewar jiki. Abin da kake so shi ne ɗan burbushin da ya maƙale a gaɓoɓin ƙafa da gindin baki, don nan ne yake daɗewa.

Matsalar hoda ita ce yaɗuwa. Kaska mai hoda in ta haɗu da marar hoda a kan yadin kamu ko a kwalba ɗaya, sai ta shafa mata, ka ƙirga wadda ba ka taɓa kamawa ba a cikin waɗanda suka dawo. Saboda haka kowacce da kwalbarta tun a daji, a wanke hantsaki, a sauya yadi, wanda ya yi aikin hoda da safe kuma kada ya yi kamu da rigar. A duba su cikin duhu. Ƙura ɗaya tak a baya ba alama ba ce, sai an ga hoda a gaɓoɓi da dama.

Ka tuna kuma kaska tana saɓa kamar maciji. Ranar da ta sha jini ta sauya mataki, fenti da hoda sun tafi da tsohuwar fata. Alamar waje ta mataki ɗaya ce kawai. A Amurka, tun shekarun 1960, Sonenshine ya kauce wa wannan a jihar Bajiniya ta hanyar yi wa ƙosassun mata allurar sukari mai ɗauke da kabon 14, alamar ta bi ƙwai ta shiga 'ya'ya. Wannan aiki ne mai buƙatar izinin hukuma da na'urar auna tururin nukiliya, ba na ƙaramin bincike ba ne.

TAMBAYA: Na saki koti 100 masu alama a makiyaya, na ja farin yadi kwana uku a jere kamar yadda na karanta, ban kama ko ɗaya ba, sai 'yan ƙyanƙyasa. Ina kuskuren yake? Malamin dabbobi, daga yankin Maraɗi.

AMSA: Malam, ba a fentin kuskuren yake ba, a yadin yake. Jan yadi, wato farin yadi mai gashi-gashi mita ɗaya a mita ɗaya da aka ɗaura wa sanda da igiya ana ja a kan ciyawa ana dubawa duk bayan mita 10 zuwa 20, an yi shi ne don kaskar da ke hawa kan ciyawa ta miƙa ƙafa tana jiran mai wucewa. Yawancin rubuce-rubucen da ake karantawa a kan kaskar dangin Ixodes ta Turai da Amurka suke, ita kuwa haka take yi. Ko a kanta ma yadi ba ya kwashe da yawa: wani bincike da aka buga a 2000 daga gundumar Westchester ta jihar Niyok ya nuna ja ɗaya ba ya kama ko kashi 10 cikin 100 na waɗanda ke wurin. Balagaggiyar koti kuwa mafarauciya ce. Tana laɓe a ƙarƙashin busasshen ganye da gindin ciyawa, ba ta fitowa sai ta ji numfashin dabba, sannan ta bi ƙasa da gudu. Yadi a samanta yake wucewa.

Abin da ke tashinta iskar kabon dayoksaid ce, wadda dabba ke fitarwa. Hanya mafi ƙarfi ita ce busasshiyar ƙanƙara, wato iskar da aka daskarar, mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili. Ana sa rabin kilo zuwa kilo ɗaya a ƙaramar kula, a huda ramuka huɗu a gefenta ta ƙasa, don iskar ta fi iskar sarari nauyi, ƙasa take bi. A shimfiɗa farin yadi, a danne gefensa da ƙasa ko duwatsu yadda kaska za ta hau ba ta shige ƙarƙashi ba, a ɗora kular a tsakiya. A bar tarko awa ɗaya zuwa uku, ana tsince abin da ya zo duk bayan minti 15 zuwa 20. Masu kamun kashewa suna zagaye tarkon da salatif mai danƙo. Kai kada ka yi, don cire kaska daga danƙo yana tsinke ƙafa yana ɓare fenti.

Iskar kaɗai ba koyaushe take isa ba. A Zimbabuwe, a ƙarshen shekarun 1980, Norval da abokan aikinsa sun nuna a kan 'yar'uwar koti, Amblyomma hebraeum, cewa iskar tana tashin kaska ne, amma abin da ke nuna mata hanya shi ne sinadarin kira da mazan da suka yi kwanaki suna shan jini ke fitarwa. Da aka haɗa su biyu, kaska ta zo daga nisan da ya haura mita 20. Koti ma tana da irin wannan sinadari, kuma shi ya sa mace ba ta cika kama saniyar da babu namiji a jikinta ba. In ba ka da haɗaɗɗen sinadarin, ciro maza 10 zuwa 20 da suka yi kamar mako a jikin saniya, ka sa su a ƙaramar jakar gidan sauro, ka ɗaure bakinta da kyau, ka rataye a jikin kular.

Inda babu busasshiyar ƙanƙara, masu tarkon sauro suna haɗa yis giram 17.5 da sukari giram 250 a ruwa lita biyu da rabi cikin jarka mai lita biyar, a sa siririn tiyo ya kai iskar tsakiyar yadi. Yana aiki, amma ka san iyakarsa. Kilo ɗaya na busasshiyar ƙanƙara yana ba da iska sama da lita 500. Sukari giram 250, ko yis ya cinye shi ƙarƙaf, ba zai wuce wajen lita 70 ba, kuma a hankali cikin awoyi masu yawa. Da'irar da tarkon yis ke jawowa ƙarama ce, sai ka ƙara yawan tarkuna ka matso da su kusa da juna.

Abubuwa uku na ɓata wannan aiki ba a lura ba. Na farko kai kanka: kana numfashi, kana gumi, kaska ba ta bambanta ka da tarko. Ɗana tarko ka koma nesa, ta ɓangaren da iska ke kaɗawa ta tafi da numfashinka waje da filin. Na biyu iska: waɗanda ke inda iskar tarko ke kaɗawa su ne za su zo, na ɗaya gefen ba su ma san da shi ba. Ɗaura zare a sanda ka riƙa rubuta inda ya nufa. Na uku lokaci: da tsakar rana, ko a busasshiyar ƙasa, koti tana lafewa. Hantsi da la'asar, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa, sun fi. A tsakiyar rani kuwa kusan babu balagaggiyar da za ta amsa.

In kana son sanin iyakar da tarkonka ke kaiwa, kafa turaku a mita 1, 2, 4, 8 da 16 daga tarkon ta gabas, yamma, kudu da arewa. Kowane nisa da launinsa, kowace kusurwa da wurin ɗigonta. Saki 10 a gindin kowane turke tun da yamma, ka ɗana tarko washegari. Wadda aka saki yanzu-yanzu a firgice take, tafiyarta ba ta kaskar da ta natsu ba ce.

TAMBAYA: Na yi wa 120 alama na saki. Bayan kwana huɗu na kama 90, a cikinsu 12 na da alama. Yaya zan fitar da adadi, kuma zan iya dogara da shi? Wani ɗalibi daga Sakkwato.

AMSA: Madalla, ɗan'uwa, ka kawo lambobin da za a yi aiki da su. Lissafin tsoho ne. Petersen ya yi aikin sa wa kifi alama a Danmak a 1896, Lincoln ya yi lissafin a kan agwagin daji a Amurka a 1930, shi ya sa ake haɗa sunayensu. Hikimar ita ce, kason masu alama a kamu na biyu daidai yake da kasonsu a filin duka. Ninka 120 da 90, ka raba da 12, ka sami 900. In waɗanda suka dawo ba su da yawa wannan lissafi yana zarcewa, don haka ake amfani da gyaran Chapman na 1951: ƙara ɗaya a kan kowace lamba, ka yi lissafin, ka cire ɗaya. 121 sau 91 ya ba da 11,011, a raba da 13 ya ba da 847, a cire ɗaya saura 846.

Kada ka rubuta 846 ita kaɗai. Da lambobinka, ma'aunin kuskure ya kama 198, wato gaskiyar tana iya kasancewa ko'ina daga wajen 460 zuwa 1,230. Faɗin nan daga ƙarancin masu dawowa yake. Dubi abin da zai faru da 3 ne suka dawo: lissafi ya ba da 3,600. Da 4 ne, 2,700. Kaska ɗaya tak ta motsa amsa da 900. Shi ya sa masana ke cewa in masu dawowa ba su kai 7 ba, kada a gina magana a kai. Magani shi ne a ƙara yawan masu alama, ko a rage girman filin. Ƙaramin fili mai mita 20 a mita 20 da aka yi wa aiki sosai ya fi hekta guda da aka taɓa sama-sama.

Sai sharuɗɗan da lissafin ya hau kansu, waɗanda kaska ta ƙware wajen karyawa. Dole a ce tsakanin kamun biyu babu shiga babu fita. Garke ɗaya in ya ratsa filin zai kwashe masu alama, don haka a killace, a kuma taƙaita kwanakin. Kaji, zabi da tururuwa suna cin kaska. In suna cin masu alama da marasa alama daidai wa daida, lissafi bai lalace ba. In farin ɗigo ya sa zabuwa ta fi ganin masu alama, adadi zai haura. Haka in fenti ya zube: a ce biyu daga cikin 12 ɗinka sun zubar, sai ka ga 10, amsa ta tashi daga 900 zuwa 1,080.

Sharaɗin da ya fi wuya shi ne cakuɗuwa. Kifi na iyo, agwagwa na tashi, kaska kuwa in ba ta ji dabba ba tana iya kwanaki a tafin hannu ɗaya na ƙasa. In ka juye duka 120 a gindin bishiya ɗaya ka dawo ka ɗana tarko a nan, za ka kama masu alama da yawa ka ce kaska kaɗan ce. In ka ɗana nesa, ka ce ta cika duniya. Raba filin gida-gida da turaku masu lamba, kowace kaska a mayar da ita gidan da aka kamo ta, kamu na biyu kuma ya game gidajen duka da ƙoƙari iri ɗaya.

Akwai kuma abin da ya kamata ka faɗa a fili cikin rahotonka. Waɗanda ka kama da farko su ne masu yunwa, masu kuzari, kuma su ne za su sake amsawa. Waɗanda suka yi saɓa kwanan nan jikinsu bai yi ƙwari ba, da waɗanda ke kwance suna jiran ruwa, ba su shiga lissafinka ba sam. Adadin da ka samu na masu neman dabba a wannan makon ne. A lissafa maza daban, mata daban, don ba lallai su amsa tarko daidai ba. In za ka maimaita kamu sau da yawa, hanyar Schnabel ta 1938 tana haɗa su. In aikin zai ɗauki watanni, ana mutuwa ana shigowa, sai hanyar Jolly da Seber ta 1965, wadda ke buƙatar a san ranar da aka kama kowace kaska.

TAMBAYA: Salamu alaikum, malamai. Ni makiyayi ne a kudancin Kaduna. Wasu masu bincike sun nemi in bar su su kama kaska a inda nake kiwo, su shafa mata launi, su mayar. Ni na san kaska raɓi mai jini ce, ita ke kawo mana kirci, tana lalata hantsa. Wanda ya kama ta ya sake ta, me ya taimake ni da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayarka a kan hanya take, kuma kana da haƙƙin sa sharaɗi. Kaskar da za su saki ta zama wadda suka kama a nan, kada a kawo ta wani wuri, don baƙuwar kaska na iya zuwa da baƙuwar cuta ko jurewa magani. Su killace wurin, kada shanunka su shiga har a gama. A ranar ƙarshe duk abin da suka kama, mai launi da marar launi, su tafi da shi. In an yi haka, kaskar wurin raguwa za ta yi. A kuma yi maganar a gaban ardo ko mai unguwa.

Amfanin kuwa, ga misali daga maƙwabta. A cibiyar binciken kiwo ta CIRDES da ke Bobo-Dioulasso a Burkina Faso, wani masani mai suna Stachurski ya bi koti ɗaya-ɗaya a jikin shanu. Ya gano cewa yawancinta ba hantsa ko ƙirji take fara kamawa ba. A wurin kiwo tsagar kofato take maƙalewa, ta yini a nan, sai saniya ta kwanta a mashekari da dare sannan ta saki ta koma hantsa, mara da ƙirji. Daga wannan aka fito da kwamin wanke ƙafa: shanu su ratsa ruwan magani da yamma in sun dawo kiwo, kafin su kwanta, duk bayan kwana biyu ko uku a makonnin farkon damina. Magani kaɗan, lokaci kaɗan, kuma an tare kaska kafin ta kai inda take ɓarna.

Kai ma kana iya gwadawa a garkenka. Zaɓi shanu biyar. Da yamma a ɗaga ƙafafunsu, duk kotin da ke tsagar kofato a ɗiga mata farin jan farce a baya ba tare da an cire ta ba. Da safe a duba inda fararen suka koma. Kada ka yi mamaki in ka ga wata a jikin saniyar da ba a taɓa ba.

TAMBAYA: Na ji ana yanke wa kaska ƙafa ɗaya a matsayin alama. Ya halatta a aikin bincike? Daga Kano.

AMSA: An yi shi, amma ba mu ba da shawararsa, Malam. Ƙafafun gaba ba a taɓa su ko kaɗan saboda gaɓar Haller. Sauran kuma yankewa na zubar da ruwan jiki yana rage gudu, ga shi kaska na rasa ƙafa da kanta a daji, sai ka ɗauki gurguwa a matsayin taka. A ƙananan matakai ƙafar tana iya sake tsirowa bayan saɓa.

TAMBAYA: Wace kariya mai wannan aiki zai yi wa kansa, tunda an ce maganin korar ƙwari yana ɓata sakamako? Wata ma'aikaciyar lafiyar dabbobi daga Damagaram.

AMSA: Gaskiya ne, Hajiya, hannun da aka shafa wa maganin korar ƙwari, ko rigar da aka jiƙa da maganin ƙwari na famitirin, in suka taɓa kaska ko yadin tarko, sun gama da gwajin. Maganin ya tsaya a takalmi da ƙafar wando, hannu kuma a sa safar roba mai tsabta. Tufafi farare, a cusa ƙafar wando cikin safa a naɗe da salatif, abokan aiki su riƙa duba bayan juna duk rabin awa, a kuma duba jiki duka da an koma gida. A yankinku Hyalomma ta fi yawa, a jikin raƙuma da shanu, kuma ita ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Kirimiya da Kwango mai sa zubar jini. Kada a taɓa murƙushe ta da yatsa. Koti ma tana sa wa mutum zazzaɓin cizon kaska. Wanda ya yi zazzaɓi cikin mako biyu bayan aikin ya gaya wa likita cewa ya yi hulɗa da kaska. Busasshiyar ƙanƙara kuma ba a ɗaukarta da hannu tsirara, ba a toshe ta a mazubin da iska ba ta fita don yana iya fashewa, a mota kuma a sauke gilashi.

In za ki adana waɗanda kika kama a ƙarshe, karanta alamar ki rubuta ta, ki ɗauki hoto, kafin ki jefa kaska a sifirit mai ƙarfin kashi 70. Sifirit na wanke hoda, yana kuma sassauta fenti iri-iri. Takardar da za ki saka cikin kwalbar a rubuta ta da fensir, don tawadar biro narkewa take yi.